Ruwa mai launin shayi: gwajin tsatsar ƙarfe a wata ƙaramar matatar ruwa a ƙasar Daura

Garin da wannan nazari ya shafa yana cikin ƙasar Daura, kuma ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da ya faru a cikinsa zai iya faruwa a duk garin da yake shan ruwan dam. Kamar yadda birnin Katsina ya daɗe yana dogaro da dam ɗin Ajiwa, Daura da kewayenta kuma suke duban Sabke, shi ma wannan gari ruwan sama yake tarewa, sai dai nasa ƙaramin dam ne na ƙasa, wanda yake cika a tsakiyar damina, sa'an nan ya yi ta ja da baya har wata damina ta zagayo. A bakinsa aka gina 'yar matata. Inji yana jawo ruwa zuwa wani tankin siminti inda ake zuba alif a bar laka ta kwanta, daga nan ruwan ya ratsa matatar yashi, a sa masa garin kulorin, a tura shi tankin sama, ya sauko famfunan da mata da yara da 'yan garuwa suke yi wa layi. Wani dattijo ne yake kula da ita shi kaɗai, kwamitin gari kuma yana sayen alif da man inji daga kuɗin da ake biya a kan kowace jarka.

Ƙorafin da ya kai ni wurin iri biyu ne, kuma da farko kwamitin ya ɗauka ba su da alaƙa da juna. Na farko shi ne ruwan yana fitowa garau babu laka, amma da launi irin na shayin da aka tsoma ganye aka cire da wuri, kuma launin ba ya kwanciya ko da ruwan ya kwana uku a randa. Na biyu shi ne kulorin ba ya zama a cikinsa. Dattijon ya faɗa mini haka tun kafin in ajiye jakata: "Injiniya, wannan ruwa cin magani yake yi. In na zuba da asuba, kafin hantsi ka gwada, babu ko alamarsa." Na ce masa, "To Baba, me kake yi in ka ga haka?" Ya ce ƙarawa yake yi. Da ya ƙara sai ruwan ya ɗauki wari mai hawa kai, masu shayi suka ce yana ɓata musu sana'a, wasu matan kuwa suka koma bakin dam suna ɗibar ɗanyen ruwa don sha, suka bar na famfo don wanki. Wannan komawa bakin dam ita ce babbar barazanar, tun da amai da gudawa ba baƙo ba ne a wannan yanki, kuma ita ce ta sa kwamitin ya daina jan ƙafa.

Abin da ya narke a ruwan

Na zagaya dam ɗin da ƙafa kafin in taɓa kowane abin gwaji. A gaɓar gabas akwai jerin itatuwan bagaruwa da suka sunkuyo kan ruwa, 'ya'yansu sun zuba sun jiƙa sun yi baƙi, kuma ruwan da yake kwance a ƙarƙashinsu ya fi na tsakiya duhu sosai. Kainuwa ta rufe wani lungu, ta sama kore shar, ta ƙasa kuma tana ruɓewa. A wani gefen akwai mashayar shanu, inda kofato ya cakuɗa kashi da laka, ga kuma kwararon da yake kawo ruwan gonaki da guntayen karan gero da ragowar taki. Da na koma matatar na ɗebi ruwan da ya riga ya ratsa yashi, na tura shi ta takardar tacewa mai ƙofofin da ba su wuce mikiron 0.45 ba (mikiron ɗaya kaso ɗaya ne cikin dubu na milimita), wadda ita ce iyakar da masana suka amince da ita tsakanin abin da yake yawo a ruwa da abin da ya narke a cikinsa. Takardar ta fito kusan fara, ruwan kuma ya wuce da launinsa.

Abin da yake ba ruwan wannan launi shi ne narkakken ruɓin tsirrai da na dabbobi, wanda zan riƙa kira ruɓi a taƙaice. Tarin sinadarai ne masu kabon, manya da ƙanana. Manyan cikinsu, waɗanda ake kira humik da fulbik, su ne masu launin rawaya zuwa ƙasa-ƙasa, kuma jikinsu cike yake da wasu rassa masu ɗauke da cajin lantarki mara kyau (wato negatif) a irin tsamin ruwan sha. Ƙananan kuwa, irin waɗanda gansakuka take saki, yawanci ba su da launi. Shi kansa ruɓin ba guba ba ne, mutane sun sha shi tun kaka da kakanni. Matsalarsa tana bayyana ne idan ya haɗu da kulorin, domin yana cinye maganin kafin ya gama kashe ƙwayoyin cuta, kuma a wajen cinyewar ake haifar da wasu sababbin sinadarai.

A shekarar 1974 ne wani masanin sinadarai mai suna Johannes Rook, wanda yake aiki da hukumar ruwan birnin Rotadam na ƙasar Holan, ya nuna cewa kulorofom da 'yan uwansa, waɗanda ake haɗawa a kira tirihalomitan, suna samuwa ne a cikin matata lokacin da kulorin ya taɓa ruɓin da yake cikin ruwan kogi. A wannan shekarar masu bincike a Amurka suka gano abu ɗaya. Daga baya nazarce-nazarcen lafiyar jama'a sun alaƙanta daɗewa ana shan ruwa mai yawan waɗannan sinadarai da ƙaruwar haɗarin sankarar mafitsara. Amurka ta sa wa jimillar tirihalomitan iyakar maikirogiram 100 a kowace lita a 1979, ta rage zuwa 80 a dokar 1998, Tarayyar Turai tana kan 100, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba kulorofom shi kaɗai iyakar maikirogiram 300. Amma ita hukumar ta jaddada cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta don gudun waɗannan sinadarai, kuma na maimaita wa kwamitin wannan magana har sau biyu, domin na lura wani daga cikinsu ya fara murna da tunanin za a daina sayen kulorin. Cutar da take kwantar da yaro cikin kwana ɗaya ba a haɗa ta da haɗarin da yake taruwa cikin shekaru talatin. Abin da ake nema shi ne a cire ruɓin tukuna, sa'an nan a sa maganin.

Dalilin da ya sa aka nufi ƙarfe

Alif yana cire wani kaso na ruɓi, musamman idan pH na ruwan, wato ma'aunin tsaminsa wanda yake sauka idan tsami ya ƙaru, yana kusa da 6, amma a wannan matata ana zuba shi ne daidai abin da zai kwantar da laka kawai, kuma ninka shi yana nufin ninka kuɗi da ninka taɓon da za a kwashe. Gawayin tace ruwa na masana'anta yana aiki, sai dai daga waje ake shigo da shi, kuma idan ya ƙoshi ba a iya farfaɗo da shi a ƙauye. Shi ya sa na kawo shawarar oksayid na ƙarfe, wanda a harshen yau da kullum tsatsa ce.

Ban sha wahalar bayyana wa mutanen garin yadda abin yake ba, domin a cikin kwamitin akwai baduku. Na tambaye shi me yake faruwa idan aka shafa kuloko a fatar da aka jeme da bagaruwa, ya ce baƙi take yi nan take, baƙin da ba ya wankuwa. Kuloko kuwa ruwan ƙarfe ne, abin da yake cikin bagaruwa kuma dangin ruɓin da yake cikin dam ne, wato ƙarfe da irin waɗannan sinadaran tsirrai suna kama juna kamu mai ƙarfi, kuma dukawa sun san haka tun kafin a gina ɗakin gwaje-gwaje a ƙasar nan. Bambancin kawai shi ne a matata ana son ƙarfen ya tsaya wuri ɗaya, ruɓin ya zo ya manne masa, ruwan ya wuce. Fuskar tsatsa lulluɓe take da ƙananan mariƙai, kuma idan ruwan ya ɗan karkata wajen tsami sai fuskar ta ɗauki caji mai kyau (wato positif), kishiyar na ruɓi, ta jawo rassan ruɓi, su ture abin da yake kan mariƙan su zauna a madadinsa. Idan pH ya haura wajen 8 zuwa 9 cajin yana gushewa, daga nan ya juye, kamun ya yi rauni. Wannan shi ne dukan sirrin, kuma shi ne ya yi mana tuntuɓe daga baya.

Tsatsa ma iri-iri ce. Akwai hematayit, ja wur, wadda take ba jar ƙasa launinta, akwai gotayit mai ruwan ɗorawa, akwai kuma ferihaidirayit, sabuwar tsatsa da ba ta gama daskarewa ba, wadda faɗin fuskarta a giram ɗaya yake kai murabba'in mita ɗari biyu ko fiye, alhali ta tsofaffin duwatsu ba ta kai kusa da haka ba. Dabarar shafa wa yashi tsatsa don tace ruwa ta yi ƙarfi a shekarun 1990, musamman a aikin Mark Benjamin da abokan bincikensa a Jami'ar Washinton da take Siyatil, a Jamus kuma aka samar da tsatsa mai ƙwayoyi kamar tsaki, wadda aka fi sani wajen cire sinadarin asenik daga ruwan rijiya.

Gwajin da aka yi

Mun yanka bututun roba uku masu tsawo ɗaya, muka tsayar da su a jikin bangon matatar, kowanne da ɗan famfo a ƙasa. Na farko muka cika shi da yashin rafi wankakke, don ya zama abin kwatance. Na biyu muka cika shi da marmara, wadda dama tana ɗauke da tsatsa, da aka fasa aka tankaɗe, daga ramin da ake ɗibar burji a bayan gari. Na uku kuma yashi ne da muka shafa wa tsatsa da kanmu: muka jiƙa shi da ruwan ferik kulorayid, wani gishirin ƙarfe da aka sayo daga Kano, muka ɗaga pH ɗinsa da soda, muka gasa shi a zafin da ya kai kimanin digiri 110 har ya bushe, sa'an nan muka yi ta ɗauraya har ruwan ya daina fita ja. Kafin a yi amfani da marmarar na aika samfurinta ɗakin gwaje-gwaje a duba ko tana sakin wani ƙarfe mai guba. Wasu sun ga wannan ɓata kuɗi ne, amma duk wanda ya tuna gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba zai zuba dutsen da bai sani ba a ruwan da gari zai sha.

Ma'aunanmu uku ne: launin ruwa, da yawan kulorin da ruwan yake cinyewa cikin ƙayyadadden lokaci, da yadda yake shanye hasken ultarabayolet, wanda ido ba ya gani, a tsawon zangon nanomita 254, wanda shi ne hanya mafi sauƙi ta bin sawun humik da fulbik. Na ukun sai an kai samfuri birni, saboda haka aikin yau da gobe ya dogara ne da biyun farko. Dattijon ya ƙirƙiro tasa hanyar, wadda na ga ta fi tawa dacewa da wurin. Yakan jera kwalabe huɗu masu haske a kan farar takarda a inuwa, ya cika su daidai wuya, ya leƙa ta baki daga sama, domin ta tsawon ruwa launi ya fi fitowa fiye da ta gefe. Ranar farko kwalbar yashi ba ta bambanta da ruwan da ya shiga ba, ta marmara ta ɗan washe, ta yashi mai tsatsa kuwa sai da ya ɗaga ta ya sake dubawa don ya tabbatar akwai ruwa a ciki. Da muka sa wa kowace kwalba kulorin daidai wa daida muka dawo bayan la'asar, ta yashi mai tsatsa ce kaɗai ta riƙe ragowar magani mai gamsarwa.

Marmarar ba ta daɗe ba ta gaji. Tsatsarta tsohuwa ce, a cakuɗe da yumɓu, fuskarta kaɗan ce, kuma cikin 'yan kwanaki launi ya fara ɓullowa ta ƙasan bututunta. Ban yi mamaki ba, ko da yake na so a ce ta yi aiki, tun da ita ce ba a saye.

Kuskure na farko nawa ne. Don in ga iyakar ƙarfin yashin mai tsatsa, na sa aka ba shi ɗanyen ruwa kai tsaye daga dam ba tare da ya bi ta tankin alif ba. Kwana biyu laka ta toshe saman bututun, da muka tura ruwa ta ƙasa da ƙarfi don mu wanke, ƙwayoyin yashin suka goge juna, tsatsar ta saɓule ta fita da ruwan wanki. Dole muka sake shafa wani. Abin da muka koya shi ne wurin wannan matatar tsatsa yana bayan alif da yashi, inda ruwa ya riga ya yi garau, kuma wankinta sai a hankali.

Na biyu ya fi ba ni wahalar ganowa. Bayan an gina babban akwatin tacewa an haɗa shi da layin matatar, sai na ga yana gajiya da wuri fiye da yadda bututun gwaji ya nuna. Na zargi shafin tsatsar, na zargi saurin ruwan, har na rage shi don ruwan ya ƙara mintuna a cikin yashi, abin bai gyaru sosai ba. Wata safiya na zo da wuri na tarar dattijon yana kaɗa farar hodar soda a bokiti yana zubawa a mashigar matatar yashi. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce tun da aka koya masa aiki haka aka ce ya yi, domin alif yana sa ruwa tsami, tsamin kuma yana cin bututu. Gaskiyarsa ce, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta ce pH ya kasance tsakanin 6.5 da 8.5. Sai dai da hannunsa yake ɗaga pH ɗin zuwa inda tsatsa take sakin abin da ta kama, alhali bututun gwajinmu yana ɗibar ruwa ne tun kafin ya kai wannan wuri. Ba a sayi komai ba wajen gyara wannan. An mayar da bokitin sodar bayan akwatin tsatsa, aka bar ɗan tsamin alif ya yi mana aiki kyauta, aka kuma rage sodar don kada pH ya wuce 8, tun da kulorin ya fi kisa a ƙasa da haka.

Na ukun shi ne ya kusa rusa amincewar gari. Inji ya lalace, aka yi kusan mako ana neman kayan gyara, akwatin tsatsa ya zauna cike da ruwa tsaye a cikin zafin bazara. Iskar da take cikin ruwan ta ƙare, ƙwayoyin halittar da suke rayuwa ba iska suka samu abinci a ruɓin da ya taru, suka narkar da wani kaso na tsatsar zuwa ƙarfen da yake narkewa a ruwa. Ranar da aka tayar da inji ruwan ya fito fari, da ɗan warin taɓo, amma da ya sha iska a bokitai sai ya koma ja. Wata tsohuwa ta same ni a bakin famfo da farin mayafi a hannu, duk ya yi dabbare-dabbare, ta ce, "Ɗan nan, da shayi kuke ba mu, yanzu kuma kun koma jar kanwa?" Ban da amsar da ta wuce ba da haƙuri. Iyakar ƙarfe a ƙa'idar ƙasa miligiram 0.3 ce a lita, kuma an sa ta ne musamman saboda irin wannan tabo da ɗanɗano. Tun daga ranar aka kafa doka cewa duk lokacin da inji zai tsaya fiye da yini, a buɗe famfon ƙasa a tsiyaye akwatin, kuma ruwan farko bayan an tayar a zubar da shi.

Farfaɗowa da abin da ya rage

Tsatsa tana ƙoshi, kuma a wannan dam ta fi saurin ƙoshi a farkon damina, lokacin da ruwan gonaki yake shigowa da fosfet na takin zamani, wanda yake rige ruɓi zama a kan mariƙan kuma ba ya sauka da sauƙi. Idan ta ƙoshi ana jiƙa yashin da ruwan soda mai ƙuna, irin ta masu yin sabulu, a tsarme. Wato halin nan da ya ba mu wahala shi ake juyawa ya zama amfani, pH ya haura sosai, ruɓin ya saki. Ruwan da yake fitowa baƙi ne kamar jiƙon bagaruwa, kuma ranar farko da kwamitin ya gan shi a bokiti ba wanda ya sake tambayar ko akwatin yana aiki. Bayan haka sai ɗauraya mai yawa da ɗan ruwan tsami har pH ya sauko. Baƙin ruwan ba a mayar da shi dam, ba a kuma barin dabbobi su kai gare shi. An yi masa rami mai siminti nesa da gaɓa inda rana take busar da shi, an kuma saya wa dattijon safar hannu da tabarau, domin soda ba ta yi wa ido uzuri.

A nawa hukuncin, akwatin ya yi abin da aka gina shi dominsa, amma bai yi fiye da haka ba. Ya cire ɓangaren ruɓi mai launi, wanda shi ne ya fi haifar da tirihalomitan, ruwan ya koma cikin iyakar launi ta ma'auni 15 da ƙa'ida ta yarda da ita, kuma kulorin ɗin da ake zubawa ya ragu alhali ana samun abin da ake nema, wato aƙalla rabin miligiram a lita bayan minti 30, da 0.2 a bakin famfo mafi nisa. Ƙananan sinadarai marasa launi kuwa yawancinsu wucewa suke yi, shi ya sa a ƙarshen rani, lokacin da dam ya janye gansakuka ta yi yawa, ruwan yana fita fari amma cin maganinsa yana ɗan ƙaruwa, kuma na gargaɗi dattijon kada kwalabensa su ruɗe shi ya daina gwada ragowar kulorin. Na kuma ba da shawarar a killace mashayar shanu a jawo musu ruwa zuwa kwami, a riƙa kwashe kainuwa da 'ya'yan bagaruwa kafin su ruɓe. An fara kwashe kainuwar. Maganar mashaya tana gaban dagaci da ardo, kuma ba ta wuce zama biyu ba tukuna.

Zuwana na ƙarshe na tarar layin 'yan garuwa ya dawo har bakin hanya, kwamitin kuma yana muhawara a kan ko a ƙara kuɗin jarka don a gina akwati na biyu, wanda zai riƙe gari a ranakun da ake wanke na farko. Baduku yana goyon baya, ma'aji yana cewa a bari sai bayan kaka. Dattijon bai sa baki ba. Ya jawo ni gefe ya nuna mini buhun soda da ya rage kwata, da wani gefen akwatin inda yashin ya fara komawa fari, ya tambaye ni ko wannan karon zan bar shi ya gasa sabon da kansa.